Ramin sokawe ya rufta bayan marka: wai danshi karfi yake kara wa yashi ko kashe shi yake yi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah injiniyoyi da maginan gidan nan ku raba min gardama don wallahi tun jiya raina a bace yake. Na sa an haka min ramin sokawe a filin da nake ginawa a bayan gari, wajen jigawa ne yashi zalla, ka yi ta haka ba za ka ci karo da marmara ba. Zurfinsa ya kai mita biyu da rabi, bangon ramin a mike kyam kamar an yanka da wuka, kwana tara yana nan ko gezau. Na ce wa mai hakar mu samo katako mu tokare kafin bulo ya iso, sai ya yi dariya wai Alhaji ai yashi mai danshi ya fi kankare, shi shekara ashirin yana wannan aikin. To shekaranjiya aka kwana ana marka, jiya da hantsi ruwa ya dauke rana ta fito, yaronsa ya sauka zai kwashe ruwan da ya taru a kasan ramin, sai kawai gefe daya ya zafto masa. Allah ya sa iya kugu ya binne shi, amma sai da mutum hudu suka dade suna tono kafin su zaro shi. Yanzu mai hakar na cewa ba laifinsa ba ne laifin ruwa ne, in sake biyan kudin haka. Tambayata biyu ce, danshin nan karfi yake karawa ko ragewa? Sannan me ya hana ramin ruftawa lokacin da ake tafka ruwan sai bayan an dauke?

Mai Tifa: Subhanallahi Allah ya kiyaye gaba Alhaji ya jikin yaron. gsky mai hakar nan yana da gaskiya ta wani fannin, mu da muke lodin yashi kullum mun sani, in yashi ya bushe kana zubawa a tifa yana tsiyaya ta kowace kafa amma mai danshi sai ka tsiri shi sama kamar malmalar tuwo ya zauna daram har ka kai shi inda zaka kai

Baban Ummi: Da sauki alhamdulillah, kafar ce ta dan kumbura, an kai shi an duba babu karaya.

Baba Magini: Ruwa santsi yake sa wa kasa, shi kenan magana. Kamar ka zuba bakin mai a tsakanin karfe da karfe. Kuma ga nauyi, kasa ta sha ruwa ta yi nauyi dole ta fado. Tun muna yara haka muka taras iyayen gidanmu na fada, ba sai an je jami'a ba.

Malamar Kimiyya: Baba ina wuni. Ni da garin kwaki nake yi wa ɗalibaina misali. Busasshe in ka zuba a faranti bajewa yake, in ka ɗan yayyafa ruwa sai ka dunƙule shi a hannu, in kuma ka cika masa ruwa ai sai dai a sha da cokali. Abu ɗaya, ruwa ɗaya, hali uku. Kuma duk wanda ya yi wasan ƙasa ya tuna yadda muke tara yashi mai laima a kan ƙafa mu daddaɓe mu zare ƙafar a hankali a samu ɗan ɗaki, da rana ta buga shi sai ya rushe da kansa ba wanda ya taɓa.

Injiniya Bazazzagi: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin komai, kada kowa ya sake shiga ramin nan yau ko gobe, sauran ɓangarori ukun ma ba lafiya gare su ba. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na yashi mai laima ya kai nauyin buhun siminti 35 ko fiye, da a ƙirji ya danne yaron nan da wata maganar muke yi yanzu.

Misalin Malama ya kama hanya, sai dai shi gari yana da sitaci mai yauƙi da ke manne shi da gaske. Yashi ba shi da abin manni ko kaɗan, ƙwayoyin dutse ne kawai suna jingine da juna, duk ƙarfinsa daga gogayya ne, wato yadda ƙwaya ke cije da 'yar uwarta saboda nauyin da ke danne su. Shi ya sa busasshen yashi duk yadda ka tara shi ba ya wuce gangare na digiri 30 zuwa 35, yawanci wajen 34. Ku duba ramin ƙurƙudu a gindin katanga, daidai wannan gangaren yake haƙawa, shi ya sa tururuwa na taka baki sai ta gangara masa.

To in aka samu ɗan danshi, ruwan ba cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yake ba, maƙalewa yake a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya kamar ɗan zobe, sauran wurin iska ce. Fatar saman ruwan nan tana jawo ƙwayoyin biyu tana matse su da juna, irin yadda jiƙaƙƙiyar riga ke manne wa jiki, ko gilashi biyu masu laima su ƙi rabuwa. Wannan jan shi ya riƙe bangon raminka kwana tara. Amma ƙarfin aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In ya bushe zoben ruwan ya tafi, in ya jiƙe sharkaf iskar ta fita zoben ya narke cikin sauran ruwa, ta ko'ina dai an rasa shi.

Baba Magini: To ai maganata ka maimaita yaro, ruwa ya yi yawa ya sa santsi.

Injiniya Bazazzagi: Baba ranka ya daɗe, a nan ne zan ɗan saɓa maka da ladabi. A laka da yumɓu maganarka tana da ƙamshin gaskiya, laka tana shan ruwa ta kumbura ta yi laushi. Amma a yashi ruwa ba mai ba ne. Ga gwaji da kowa zai iya a gida, a samu farin bokiti na roba a cika da ruwa, a riƙa zuba yashi a hankali a tsakiya. Zai taru a ƙasan ruwan ya yi tsibi mai gangare kusan daidai da wanda yake yi a busasshiyar ƙasa. Da ruwa santsi yake sawa ai da ya baje kamar kunu. Abin da ruwa ke yi daban ne, ɗaga ƙwayoyin yake yi.

Baba Magini: Daga su zuwa ina?

Injiniya Bazazzagi: Baba ka tuna jan guga a rijiya. Muddin gugan yana cikin ruwa ba ka jin nauyinsa, yana fitowa sai ka ji ya ja maka hannu. Haka kowace ƙwayar yashi take in ruwa ya cika ƙofofin, ruwan ya karɓi wani kaso na nauyin, ƙwayoyin suka daina danne juna sosai, gogayya ta ragu. Shi kuma ruwa yana iya ɗaukar nauyi amma ba ya iya riƙe abin da ke zamewa. Wani injiniya Karl Terzaghi shi ya tsara wannan a littafin da ya fitar a 1925, har ake ce masa uban ilimin injiniyancin ƙasa. Lissafin a taƙaice, ka ɗauki duka nauyin da ke danne wuri, ka cire matsin ruwan da ke cikin ƙofofi, abin da ya rage shi kaɗai ne ke ba ƙasa ƙarfi. Kowace mita ɗaya ta tsayin ruwa a cikin ƙasa tana turawa da ƙarfin tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita. A cikin bokiti ruwan a tsaye yake, ya rage nauyin da ke danne ƙwayoyin kuma ya rage nauyin da ke jan su ƙasa, sai aka yi canjaras. A bangon rami kuwa ruwan tafiya yake yana neman fita ta fuskar ramin, yana tura ƙwayoyin waje. Nan ne masifar take.

Dan Boko: Yallabai Injiniya bari in kara da lamba don muna yin wannan a aji yanzu haka. In ruwa ya cika gangare har sama kuma yana tsiyaya yana bin gangaren, karfin rikewar yana raguwa kusan rabi, saboda yashi jikakke mita daya kusan tan 2 ne amma a cikin ruwa nauyin da ya rage masa kusan tan 1 ne. Ma'ana yashin da yake tsayawa a digiri 34 yana busasshe, sai an kwantar da shi zuwa wajen digiri 18 ko 19 kafin ya tsaya. To ina ga bango mai digiri 90 irin na ramin Alhaji

Mai Tifa: kai dan boko ka zo da digiri digirin ka, mu dai a mana bayani da Hausa

Dan Boko: Afuwan oga, a takaice dai gangaren da ka san shi lafiya da rani, in ruwa ya cika shi sai an kwantar da shi kusan ninki biyu ya zama lafiya

Baba Magini: To maganar nauyi fa? Ita ma karya ce?

Injiniya Bazazzagi: A'a Baba wa ya isa ya ce ka yi ƙarya. Nauyi yana ƙaruwa, busasshen yashi wajen tan 1.6 ne a mita, jiƙaƙƙe sharkaf wajen tan 2. A bango a miƙe irin na Alhaji wannan ƙarin yana da tasiri, musamman in an tara ƙasar da aka haƙo a bakin ramin ta sha ruwa ita ma. Amma shi ƙaramin mai laifi ne. A gangaren yashi nauyin da ke jan ƙasa ƙasa shi ne kuma ke ƙara danne ƙwayoyin su cije, hannu ɗaya ya bayar ɗaya ya karɓe. Babban ɓarawon shi ne matsin ruwan ciki. Alhaji ina aka tara ƙasar da aka haƙo?

Baban Ummi: Wallahi a daidai bakin ramin, kuma gefen da ya zafto din ne.

Mai Tifa: tab

Injiniya Bazazzagi: To ka gani. Tambayarka ta biyu kuma, ruwan sama ba ya isa zurfin mita biyu nan take, sauka yake a hankali yana kashe wancan jan na danshi daga sama zuwa ƙasa, awoyi bayan an ɗauke yana nan yana tafiya a ciki. Sannan ga wani abu da mutane ba sa lura da shi, ruwan da ya taru a cikin ramin yana ɗan tokare bangon daga ciki. Yaron yana kwashewa, tokarin ya tafi, ruwan da ke cikin bangon kuma bai samu lokacin fita ba, sai ya turo da yashin gaba ɗaya. Irinsa ne ke sa gaɓar kogi ta fi zaftarewa lokacin da ambaliya ke janyewa ba lokacin da kogin ya cika ba. Masu noman fadama sun san wannan.

Malamar Kimiyya: Wallahi haka ne, gonar mahaifina a bakin rafi take, duk shekara sai ruwa ya fara ja baya ake jin gaɓa na faɗawa tim cikin dare. Ban taɓa haɗa shi da wannan ba.

Dan Maradi: Salamu alaikum. Ni ina da ja ga maganar ga taku. Nan wajenmu Dan Issa, watan Nuwamba na 2021, ramukkan zinariya sunka ruhta da mutane, akalla mutum 18 sunka rasu. Lokacin damana ta wuce, babu ruwan sama. In ruwa ne mai laihi mi ya kawo wanga?

Injiniya Bazazzagi: Allah ya jiƙansu da rahama. Ɗan uwa ban ce sai da ruwan sama rami ke ruftawa ba, cewa na yi ƙarfin danshi aro ne kuma ƙofa biyu yake fita. Da kaka in iska ta fara busawa fuskar rami tana bushewa, sai ka ga yashi na zubowa kaɗan kaɗan, ƙasa ta rarake sama ta rataya babu abin da ke riƙe da ita. Can ƙasa kuma ruwan ƙarƙashi yana kan ganiyarsa ne a ƙarshen damina, duk mai rijiya ya san lokacin ne ruwa ya fi tasowa. Kuma shi jan danshi ɗan ƙarami ne kuma ba ya ƙaruwa don ka ƙara zurfi, nauyin ƙasa kuwa kowace mita ƙaruwa yake, to dole akwai zurfin da zai gaza ko da danshin yana daidai. A ƙara da yadda masu haƙar zinariya ke jera ramuka kusa da juna suna rarake tsakani.

Dan Maradi: To na gane. Gaskiya ramukkan kusa da kusa suke kamar saƙar zuma.

Abu Sadik: Ku dai ku yi ta lissafi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda Allah ya rubuta kasa za ta danne shi ko da karfe aka tokare sai ta danne shi.

Malamar Kimiyya: Malam babu mai jayayya da ƙaddara, amma ai an ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Katako huɗu da Alhaji ya nema tun farko ai su ne igiyar.

Abu Sadik: Haka ne Malama, na karba.

Na Kamaru: Mu nan Kamaru mun ga abin nan da idonmu. Bafoussam, unguwar Gouache, karshen Oktoba 2019, an yi kwanaki ana ruwa, cikin dare tudu ya zafto kan gidaje mutane suna barci, sama da mutum 40 suka mutu, da yawa yara da mata. Talakawa ne suka yanka gefen tudu suka yi gini don nan ne suke iya samun fili. Shekaru suna zaune lafiya shi ya sa ba wanda ya yi zaton komai

Dan Boko: Irin na Saliyo kenan, Freetown, 14 ga Agusta 2017, gefen dutsen Sugar Loaf ya zafto a yankin Regent da sassafe bayan kwanaki ana ruwa, wadanda suka mutu da wadanda suka bata sun haura 1,000. An sare itatuwan gangaren an yi gine gine

Injiniya Bazazzagi: Wannan kalma ta shekaru suna zaune lafiya ita ce tarkon, kuma ita ce dai shekara ashirin ɗin mai haƙar Alhaji. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Aberfan a yankin Wales na Birtaniya, don shi ba dutsen Allah ba ne, tsibin da mutane suka tara da hannunsu ne. Tarkacen da ake fitarwa daga mahaƙar kwal aka yi ta jibgewa a gefen tudu a saman ƙauyen, kuma aka jibge shi a kan idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Aka yi ta ruwan sama, tsibin ya sha daga sama ya sha daga ƙasa. Ranar 21 ga Oktoba 1966 da safe wajen tara da kwata, yara sun shiga aji kenan, tsibin ya narke ya gangaro kamar kunu ya rufe makarantar firamare ta Pantglas. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Kwamitin bincike ya ɗora laifin kan hukumar kwal ta ƙasar. Ni duk lokacin da na ga an tara ƙasa ko bola tsibi guda a bayan makaranta ko a kan hanyar ruwa sai na tuna da shi.

Malamar Kimiyya: Innalillahi. A matsayina na malama wannan ya taɓa ni. Amma Injiniya ta yaya tsakuwa da tarkacen dutse za su koma kamar kunu?

Injiniya Bazazzagi: In ƙwayoyin a sake suke ba a daddaɓe su ba, akwai fili da yawa a tsakaninsu kuma ruwa ya cika filin. Da zarar wani abu ya motsa su suna so su matsu su zauna, ruwan kuma ba ya matsuwa kuma bai samu hanyar fita da sauri ba, sai duk nauyin ya koma kansa. A 'yan daƙiƙun nan ƙwayoyin iyo suke, babu gogayya sam. Haka aka gani a girgizar ƙasa ta Niigata a Japan a 1964, dogayen gidajen bene suka kwanta a gefe ba tare da sun farfashe ba, ƙasar ce ta ƙi riƙe su. Haka madatsar tarkacen ma'adinai ta Brumadinho a Brazil da ta fashe a Janairun 2019, mutum 270 suka mutu, can kuwa ba girgizar ƙasa aka yi ba. Wanda aka daddaɓe sosai kuwa akasin haka yake yi, in ka taka jiƙaƙƙen yashi mai tauri a bakin kogi za ka ga gefen ƙafarka ya yi fari kamar ya bushe, ƙwayoyin ne suka buɗe suka zuƙe ruwan.

Mai Tifa: yauwa to shi yasa yan kwangilar titi suke bin kasa da tankar ruwa kafin rola ta hau? ni da na dauka don kura ne kawai

Injiniya Bazazzagi: Har da ƙura, amma babban dalilin shi ne kowace ƙasa tana da adadin ruwan da ta fi daddaɓuwa da shi, in ya gaza ba ta matsuwa, in ya wuce sai ta riƙa lotsawa a ƙarƙashin rola kamar katifa. Ana auna shi a ɗakin gwaji, gwajin Proctor ake ce masa, tun 1933 ake amfani da shi. Kuma tunda ka shigo da kanka Bakano, bari in tona maka asiri. Yashi mai ɗan danshi kumbura yake, wancan jan yana hana ƙwayoyin zama, yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Wato tifar da ka tsira kamar malmalar tuwo, kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinta iska ka sayar wa Alhaji.

Mai Tifa: kai jama'a ku ji min Bazazzagi zai kashe min kasuwa, to ni na ce ruwa ya sauka? daga kogi nake debowa haka na same shi

Baba Magini: Wannan kam gaskiya ne na yarda. In muna awo da kwanon sarki da damina sai ka ga kwabin bai kai yadda aka saba ba, dole mu kara yashi. Ashe dalilin kenan. Amma maganar santsi ban sauka ba tukuna sai na yi gwajin bokitin nan da idona.

Dan Boko: Baba akwai ma abin mamaki, a wani kabari a Masar na wani hakimi Djehutihotep, kusan shekara 3,900 da suka wuce, an zana mutane suna jan katon gunki a kan katako wani yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a kasa. Masu bincike a jami'ar Amsterdam suka gwada a 2014 suka ga yashi mai danshi daidai yana rage karfin ja da kusan rabi, ba don santsi ba, don yashin ya yi tauri ba ya taruwa a gaban katakon. In ruwan ya yi yawa kuma sai jan ya sake wuya

Baba Magini: Fir'aunanci kuma ya shigo maganar sokawe, Allah ya shirye ka yaro.

Admin: Jama'a a dawo kan maganar Alhaji, mutum yana da rami bude a fili ga yara a unguwa.

Baban Ummi: Na gode Admin. Injiniya yanzu me zan yi a aikace? Kuma wa zai biya?

Injiniya Bazazzagi: A kewaye wurin yau ɗin nan ko da ƙaya ce. A janye tsibin ƙasar daga baki, a Amurka doka ta ce aƙalla ƙafa 2, ni a yashinka zan ce a kai shi nesa kwatankwacin zurfin ramin. Dokarsu kuma ta ce rami in ya kai ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, ba a shiga sai an tokare ko an kwantar da bango, naka ya wuce haka da mita guda. Tunda fili ne ba gini kusa, a faɗaɗa bakin a kwantar da bangon, kowace mita ɗaya ta zurfi a ja baya mita ɗaya da rabi, in yashin na tsiyayar ruwa a ƙara. In babu wuri to a bi dabarar masu rijiya, a sa kawanyar kankare ana haƙa daga ciki tana sauka ana ɗora wata. A yi ɗan kunya a kewaye don ruwan sama ya bi ta gefe, kuma a duba kada indararon maƙwabci ya riƙa zuba a wajen. Ruwan ciki a janye shi a hankali da inji ko guga daga sama, ba mutum a ciki. Sannan ka zagaya bayan bakin ramin ka duba ko akwai tsagewa a ƙasa mai bin tsawon bakin, in akwai to wannan yankin ya riga ya rabu jira kawai yake, kuma ta nan ruwa zai shiga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka ga ruwa mai laka na fitowa daga gindin bango shi ma alama ce, yashin ne ke fita da shi.

Maganar biya ni ba alƙali ba ne, amma ka ce a tokare ya ƙi.

Malamar Kimiyya: Masu gida a bakin kwari ko kududdufi fa, tunda su ba za su iya ja da baya ba?

Injiniya Bazazzagi: Ruwa za su kora kafin komai, kada ruwan wanka da na kwata ya riƙa sauka ta gangaren, kada a haƙa masai a bakinsa, kada a bari masu ɗiban ƙasa su ci gindinsa. In an yi katangar tare ƙasa a bar mata ƙofofin fitar ruwa a zuba tsakuwa a bayanta, yawancin katangun da ke kifewa da damina ruwan da aka kulle a bayansu ne ya tura su. A shuka jema ko gamba a jere, saiwarsu na ɗinke saman ƙasa. Amma saiwa iya sama take riƙewa, in zamewar mai zurfi ce irin ta kwazazzaban Nanka da Agulu a jihar Anambra, inda yashi ne mai kauri marar manni, ciyawa kaɗai ba ta isa ba.

Mai Tifa: masu diban kasa kuma, yau dai ni aka sa a gaba a gidan nan

Baban Ummi: Yanzu na dawo daga filin. Injiniya wallahi akwai tsagewar, ta gefen gabas, kamar taku daya daga baki, yatsana yana shiga ciki. Na nuna wa mai hakar ya yi shiru ya dade yana kallo, sai ya ce a kawo kawanya shi zai sauke su ba sai na kara masa kudin haka ba, ni in sayi kawanyar. Mun janye tsibin kasar da baro, mun sa kaya mun kewaye. Yaron ma na biya na duba shi yana takawa.

Baba Magini: Na yi gwajin bokitin da jikokina. Tsibin ya tsaya a cikin ruwan kamar yadda ka fada. Sai karamin ya cusa tiyo ta kasa ya bude famfo, yashin ya kama tafasa, dutsen da muka dora a kai ya nutse. To yaro na ba ka wannan, amma a laka ina nan kan bakana.

Injiniya Bazazzagi: A laka ai ban taɓa ja da kai ba Baba. Alhaji kawanyar a fara saukewa bayan an sare wancan yankin da ya tsage daga sama, da doguwar shebur, kowa yana tsaye ta bayan tsagewar.

Mai Tifa: Alhaji in zaka cike gefen kawanya ka kira ni, busasshe zan kawo maka tunda an tona min asiri, amma kudin ba daya ba ne